Albasar Inna Ba Ta Miya Ba Ce

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Wannan babu mai ja a kai. Jayayyata da masu rai ce.

Uwar mijina ta rasu a farkon ɗarin bara, a ƙauyenmu da ke gefen Paki, bayan wata 'yar jinya da ba ta daɗe ba. Ba zan rubuta sunanta ba. Ban taɓa furta shi tana raye ba, ba kuwa zan fara don ƙasa ta rufe idonta ba. Inna nake ce mata. Ita kuma tun ranar da aka kawo ni gidan har na aurar da 'yata ta fari, suna ɗaya take kira na da shi: Amarya.

An yi zaman makoki yadda aka saba. Maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a ciki. Motoci sun zo daga Makarfi, inda babban ɗanta yake sana'ar rake, bas guda kuma daga Kudan, inda 'yarta take aure. Mai shigowa ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Haƙuri da godiya." A shafa fatiha, a matsa wa ta baya. Ban ƙi wannan ba. Abin da na ƙi shi ne abin da ke biyo bayan fatihar.

Wata ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah sarki Inna, baiwar Allah mai sanyin hali. Ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba."

Na ɗaga kai na dube ta. Inna? Wallahi da ta ciza, ta tauna, sannan ta tambaye ka wa ya aiko ka. Amma ɗakin duka ya amsa, "Haka ne, haka ne," har da waɗanda ta taɓa kora daga garkarta da bakin fartanya.

Sai maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta matso kusa da wata baƙuwa, ta rage murya, irin ragewar nan da ake yi don kowa ya ji. Ta ce, "Ba a faɗin aibin mamaci, Allah ya jiƙanta. Amma hannun nan kam a dunƙule ya tafi. Albasa cike da rumfa, ki roƙi guda ɗaya ta miya, a ce miki babu."

Ƙarya biyu ke nan aka yi mata tun ruwan wankanta bai bushe a ƙasa ba, ɗaya mai zaƙi, ɗaya mai ɗaci. Mai zaƙin ta fi ɓata mini rai. In duk wanda ya mutu mai sanyin hali ne, to wa muka binne? Ranar na haɗiye, don makoki ba wurin shari'a ba ne. Yau shekara ta kusa zagayowa. Da girmana na koyi riƙe biro, rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma abin da na gani da idona zan faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ga wanda bai san albasa ba sai a cikin miya, bari in gaya masa. Albasa ba ta ba da iri a shekarar da aka shuka ta. Sai an cire ta da bazara, an zaɓi ta kirki, an ajiye ta ta ƙetare damina ba ta ruɓe ba. Da kaka, in ruwa ya ɗauke raɓa ta fara sauka, sai a sake mayar da ita ƙasa. A binne za ta sha ɗari. Sai zafi ya fara leƙowa take fid da dogon kara, ta yi farin kai kamar curin auduga. A cikin kan nan iri yake, baƙi, ƙanana kamar riɗin da ya ƙone. To lokacin da ake binne ta ɗin, shi ne daidai lokacin da albasa ta fi wuya a ƙasar nan, lokacin da uwar gida ke raba guda ɗaya ta yi miyar yau da ta gobe. Shi ya sa mutane ba sa ajiye iri. Ba wuyar aikin ba ce. Wuyar ita ce ka ga abu a hannunka, kana so, ka binne shi.

Albasar Inna daga Gazara, garin iyayenta, ta zo. Uwarta ce ta sa mata irin cikin wata 'yar gora, haɗe da toka, a cikin kayan aurenta. Ja ce, ba ta da girman a zo a gani, wuyanta a matse, jikinta kamar dutse. In ana yanka ta a madafa, wanda ke zaure sai ya yi hawaye. Abin da ya bambanta ta da ta kasuwa shi ne tana ƙetare marka ba ta ruɓe ba, in dai akwai mai kula da ita.

Mai kula kuwa akwai. Inna tana da rumfa a ƙuryar gida, da gadon kara a ciki, an ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa. Duk damina, da ta idar da sallar asuba gari ya yi haske, can za ka same ta tana juya su ɗaya bayan ɗaya, tana shinshina wuyansu. Har magana take yi musu. Na sha jin ta tana cewa, "Ke, kin fara laushi. Fita, kada ki koya wa 'yan'uwanki." Sai ka ga albasa ta faɗo tsakar gida. Wannan ta zama ta miya. Mu matan gidan har addu'a muke yi wata ta yi laushi.

Ranar binnewa ita ce sallarmu. Garkarta tana bayan katangar gidan, kusa da rafi, da darni kewaye da 'yar rijiya a tsakiya. Za ta zauna da wuƙa da kwaryar toka. Ta yanke saman kowace albasa, ta dangwala yankan a toka, ta miƙa a sa a rami. Saman da ta yanke kuwa sai ta tara a kwarya ta ce a kai madafa. "Kai na bana, gindi na baɗi," in ji ta. Kwanakin nan kaɗai ne gidanmu ke cin albasa har ta gundure mu.

Ni da ita mun yi faɗa, kuma a kan albasar nan ne. Sunan ɗana na fari ya faɗo a tsakiyar marka. Dangina za su zo daga Janfalan, an yanka rago, kasuwa babu albasa sai ruɓaɓɓiya. Ina jego na lallaɓa na je ƙofar ɗakinta na durƙusa. Gwaggona da ƙannen uwata suna zaune suna ji.

Na ce, "Inna, ko 'yar kwarya guda a taimaka mana, saboda baƙi."

Ta ce, "Amarya, haihuwa kika yi, ba a kanki aka fara ba. Haihuwa ba ta cin iri. Mutuwa ma ba ta ci. Ranar da na mutu, in kun ga dama ku yi miyar da ruwa da gishiri."

Dangina suka koma gida suna cewa an kai 'yarsu gidan da albasa ke da dogari. Har gobe ina nan a kan bakana, ba ta kyauta ba da ta faɗa a gabansu. Na gaya mata haka tana raye, ta ce ta ji. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban janye ba. Sai dai da safen sunan ta aiko da gabu, busasshen ganyen albasar da ta daka ta dunƙula da hannunta, har ya ishi tukunyar. Haka Inna take. Za ta hana ka abin da ka roƙa, ta kunyata ka, sannan ta ba ka abin da zai fid da kai.

Da aka buɗe ajin manya a makarantar firamaren garinmu, furfura ta riga ta fara mini. Na ce zan shiga. Mata suka yi ta dariya. Mijina ya ce, "Yanzu me za ki yi da karatu, ana zaune ƙalau?" Inna tana gefe tana goga goro a magogi, don haƙoran sun tafi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce masa, "Kai, bar ta ta je. Albasar da ta kwana damina ita ke fure, ba ɗanya ba." Na ji daɗi har na fara murmushi. Sai ta juyo gare ni ta ce, "In kuma kika ruɓe, mu jefo ki tsakar gida." Ita ta riƙe mini ƙananan yara duk yammacin da na tafi, kuma ba ta taɓa bari na gode mata ba.

Yanzu ku zo mu yi maganar rowa. Duk ƙarshen damina, in lokacin yafa iri ya yi, mata ke cika tsakar gidanmu, kowace da ƙyallenta. Na unguwa, na cikin Paki, har da masu tahowa daga Janfalan. Inna ta ɗauko gorar nan, ta auna wa kowace da ɗan ludayinta, ba ta karɓar ko ƙwayar goro. Abu ɗaya take cewa: "In ta yi, ki ware ta iri ki ajiye." Su ce, "To Inna, in sha Allahu." Babu wadda ta taɓa ajiyewa. Su kai wa mazansu, a gauraya da irin kasuwa a fangali ɗaya, in ta yi a sayar, abin da ya rage a cinye kafin damina ta yi nisa. Shekara ta zagayo su dawo da ƙyallensu. Ta wanke su tas, har da iyayen da suka haife su, sannan ta auna musu. Maƙwabciyar nan tamu ta jikin katanga ba ta taɓa fashi ba. Albasar da ke cikin miyarta rabin shekara jikar albasar Inna ce. Amma guda ɗayan da aka hana ta ita ta riƙe, ita ta kawo wurin makoki.

Akwai mutum ɗaya a duniya da Inna ba ta taɓa yi wa faɗa ba, shi ne babban ɗanta, wan mijina, wanda muke ce wa Yaya. Ba don ba ya laifi ba. Ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci in yana wurin. In ya zo daga Makarfi da ɗaurin rake da mazarƙwaila, zai tsuguna a bakin ƙofarta ya yi ta gaisuwa, ita tana kallon bango tana amsa "Lafiya" a taƙaice. In tana da magana sai ta ce mini, "Ki ce wa baƙon nan an gode." Yana son ta, wannan ba zan ci amanarsa ba. Shi ya rufa mata ɗaki da kwano, shi ke sayen magani. Amma duk abin da ta faɗa wa duniya, da ƙarfi, da zagi, shi bai taɓa ji daga bakinta ba. Wannan ita ce kunyar da muke alfahari da ita. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Bara ruwan ƙarshen damina ya zo da ƙarfin da ba mu zata ba. Rafi ya cika ya haura, ya bi ta garka ya wanke fangalin da Inna ta yafa iri, 'ya'yan sun riga sun tsiro kamar gashin jariri. Gora kuwa babu komai, ta rabar da saura. Irin albasa ba ya jiran shekara biyu, balle a ce wani ya ɓoye tsoho. Ta tsaya a bakin garka tana kallon laka. Sannan ta ce, "Amarya, bana ba mu da na baya. Abin da ke cikin rumfar nan shi ne Gazara duka."

Da ƙasa ta tsane muka binne su. Gwiwoyinta sun ƙi, don haka a kan kujera 'yar tsugunno ta yi aikin, tana yanka tana dangwala toka, ni ina tona rami. Fangali huɗu suka cika. Suka tsiro, ganye shar, kowace ta fid da tsiro uku ko huɗu. Ba su daɗe da tsirowa ba ciwon ƙirji ya kwantar da ita.

Tana kwance ma garka take tambaya. "Kada ki cika musu ruwa, ba shinkafa ba ce." Da jikin ya yi tsanani Yaya ya zo. Na shiga na ce, "Inna, ga Yaya nan a ƙofa. Ki gaya masa maganar garka da bakinki." Ta juya fuska ga bango. Numfashi yana yi mata wuya, amma ta samu na cewa, "Ke ba ki da ta ido? Je ki gaya masa." Na je na same shi a zaure, waya a kunne yana neman motar da za ta kai ta asibiti. Na durƙusa na ce Inna ta ce kada a taɓa albasar garka, komai ya faru. Ya ce, "To, to," ya ci gaba da wayarsa. Motar ba ta iso tana da rai ba.

Ranar sadakar uku Yaya ya so a yi abin da za a san uwarsa ce ta rasu. Ya kawo shinkafa buhu, aka yi yanka, ya ɗauko mata masu girki daga Makarfi. Suka ɗora tukwane, suka ce ina albasa. Aka ce ai albasa ta yi wuya, sai an je Ikara. Ya ce, "Ikara kuma? Ga ta can cike da garka." Mijina yana wurin. Ƙanwarsa ta Kudan tana wurin. Dukansu a gindin rumfar nan suka girma, sun san abin da ke garka. Suka yi shiru, wai ba a musu da babban wa ranar makoki.

Ni ina ɗakin Inna ana ta karɓar gaisuwa, ban san wainar da ake toyawa ba. Hancina ne ya gaya mini. Babu albasar da ke wannan ƙamshin a garin nan sai guda ɗaya, kuma ina da tabbacin rumfa babu komai. Na miƙe na tsallake ƙafafun mutane, ko takalmi ban tsaya nema ba, na fita ta ƙofar baya.

An kwantar da darni. Fangali uku sun tafi. Mata da bahuna suna tugewa suna hira. Abin takaicin ma, albasar da ta tsiro ba ta da sauran amfani a tukunya, don ta riga ta ba ganyenta duk abin da ke cikinta. Suna yanke ganyen suna jefar da gindin gefe. Ɗaya har tana mita: "Wannan wace irin albasa ce, duk fanko?"

Na shiga fangalin da ya rage na zauna a bakinsa, na miƙe ƙafa. Na ce, "Wadda za ta taɓa wannan sai ta fara tuge ni."

Suka ja da baya. Aka ruga aka kira Yaya. Ya zo da mijina a bayansa, da wasu 'yan gaisuwa da suka biyo su ganin ƙwaƙwaf. Ku tuna, wan miji ne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ba gaisuwa ba. Ya juya ga mijina ya ce, "Kai, yi wa iyalinka magana."

Mijina ya ce, "Tashi mana, don Allah. Ki rufa mana asiri, mutane na kallo."

Na ce, "Su kalla. Ai don su aka yi girkin."

Yaya ya dubi sama, kamar da bishiya yake magana. Ya ce, "Kayanta ne. A sadakarta za a sa. Ladan kabarinta zai je. Ina laifi a nan?"

Na ce, "Yaya, iri ne."

"Na san iri ne. In lokaci ya yi a sayo wani a kasuwa."

"Babu shi a kasuwa. Babu shi a ko'ina sai nan inda nake zaune. Ta ce haihuwa ba ta cin iri, mutuwa ma ba ta ci."

Ya ce, "Ni ba ta taɓa gaya mini ba."

A nan ne na ɗaga ido. Na ce, "Me ta taɓa gaya maka? Sunanka ma ba ta taɓa kira ba. Shi ya sa ta aiko ni. Na same ka a zaure na faɗa, ka ce to."

Na ga maganar ta soke shi a inda ban nufa ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Mutum ne da ya yi shekaru yana tsugunawa a ƙofar uwarsa yana gaida bayanta. Ya ce wa masu girki, "A bar mata," ya juya ya tafi. Ƙarshenta dai sai da aka tura mashin Ikara aka sayo albasar. Wato an yi ɓarnar a banza.

Kafin la'asar labari ya zaga gari: matar wane ta yi wa wan mijinta rashin kunya ranar ukun uwarsa. Shi aka ɗauka aka yi ta yawo da shi. Babu wanda ya ce an tuge abin da tsohuwa ta riƙe tun tana amarya, aka zubar a juji. Waɗanda suka ce ko yatsa ba ta ciza, su ne suka zauna suka ci shinkafa da ganyen irinta, suka suɗe hannu, suka ce Allah ya kai lada kabarinta. Tir.

Suna ci ni ina garka. Na bi tarin da aka zubar ina tsince waɗanda saiwarsu ba ta tsinke ba, ina mayar da su ƙasa. Can sai ga ƙanwar mijina ta zo ta ɗauki guga ta fara jan ruwa. Sai da ta zuba ya kai sau nawa sannan ta fashe da kuka ta ce, "Na sani, wallahi na sani. Bakina ne ya mutu." Na ce, "To hannunki bai mutu ba, ja ruwa." Mijina kuma washegari da sassafe na iske ya tada darni ya ɗaure shi da sabuwar igiya. Nasa ban haƙurin ke nan, na kuma karɓa a haka.

Yawancin waɗanda na mayar sun bushe. Kaɗan suka kama. Na yi ta ban ruwa duk ɗari, ina tuna ba shinkafa ba ce, ina faɗa da awakin unguwa da masu awakin. Ban iya rubuta mata ko layi ɗaya a lokacin ba, don ban san abin da zan ce ba: ta mutu ta bar iri, ko ta mutu da shi.

Da zafi ya fara leƙowa suka fid da kara. Wata safiya na buɗe garka na ga kawunan sun fashe fari fat, ƙudan zuma sun cika wurin da ƙugi. Na zaci zan yi kuka. Faɗa ne ya zo bakina. Na ce, "Inna, ga shi nan. Da fangali huɗu ne. Kin zagi garin nan kaf a kan albasar nan, mutum ɗaya da ya kamata ya ji kika juya masa baya. Kalma ɗaya daga bakinki, da ko mahaukaci ne ya shigo garkar nan Yaya zai tare shi da ƙirjinsa." Na faɗa na kuma, babu mai amsawa sai zuma. Da tana nan da ta ce ta ji.

Da kawunan suka bushe baƙin iri ya fara leƙowa, na yanke su na shanya a tabarma, na murza, na bakace a faifai, na gauraya da toka na zuba a gorar Gazara. Bai kai rabinta ba.

Yaya ya zo da sallah. An ce mini ya tsaya a bakin garka shi kaɗai ya daɗe, alhali babu komai a ciki sai busassun karare. Ya tambayi mijina, ba ni ba, "Ta yi kai?" Aka ce ta yi. Bayan ya koma ya aiko da sababbin zana na gyaran rumfa. Har yau bai ce a yi haƙuri ba. Ɗan uwarsa ne.

Kwanan baya ruwa ya fara ja da baya, lokacin yafa iri ya yi. Na yafa nawa a kan tudu, inda rafi ba ya kaiwa. Ban gama wanke hannu ba na ji sallama. Wa za ta fara zuwa in ba maƙwabciyarmu ta jikin katanga ba, da ƙyallenta a dunƙule cikin hannu.

Ta gaishe ni har da tambayar kaji. Sannan ta ce, "Amarya, ashe irin ya tsira."

Na ce, "Wane iri?"

"Na Inna mana. Allah ya jiƙanta, mace mai alheri."

"Au, yau kuma?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta shimfiɗa ƙyallen. Na ɗauko gora da ɗan ludayin Inna na auna mata rabi. Ta leƙa ta ce, "Kai, bana kaɗan ne."

Na ce, "Sauran kun cinye ranar uku. Ungo, ga rowar. Kuma ki saurare ni da kyau. Da bazara, in kin cire, ki zaɓo mini mafi kyau ki kawo in sa a rumfa. In ba ki kawo ba, baɗi kada ki ɓata takalminki. Inna tana zagi ta bayar. Ni ba Inna ba ce."

Ta ɗaure ƙyallen ta fita tana gunaguni. Haka na gaya wa duk waɗanda suka biyo bayanta.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kaifin harshenta, ya sa kowace ƙwayar da ta taɓa aunawa a ƙyallen wata ta zame mata haske a makwancinta. Wanda zai yi mata addu'a ya yi wa wadda ta rayu, mai faɗa, mai hanawa, mai bayarwa, ba wata baiwar Allah mai sanyin hali da ba mu taɓa gani ba.

Ni kuwa na ɗauki darasi. Jiya na aika aka kira mini ɗana na fari, wanda aka yi sunansa da miyar gabu. Ya tsuguna a bakin ƙofa yadda ya saba. Na juyo na dube shi ido cikin ido, na kira sunansa, har ya firgita ya waiga ko da wani nake. Na ce, "Da kai nake. Ranar da tawa ta zo, garka da rumfa a rufe suke. Ku yi miyar da ruwa da gishiri."